Kawu da baƙin da ba sa sallama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Asabar da hantsi a gidansa na Wurno, bayan ya sha kunu ya kuma yi wa Inna, matarsa, mita cewa ta cika masa tsamiya. Inna ta ce maganarsa ta ƙarshe ke nan, kuma har yanzu ba ta yarda kunun ya yi tsami ba.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutum zai shigo da jajayen idanu, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, kafin ya tashi sai ka ji ya tuno wani abu na Kawu ya tuntsire da dariya, ya koma yana neman gafara. Wani tsoho da suka yi aikin akawu tare a Rabah ya taso tun daga Gandi, ya ce shi dai a nuna masa rular marigayi ya taɓa ta. Surukansa na Marnona sun cika mota guda. Mai buɗe ruwa na ƙungiyarmu ta manoma, ƙaton mutum wanda ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba, ya tsaya a zaure yana share hawaye da hularsa, yana cewa, "To yanzu wa za shi miƙe muna layi?"

A rana ta biyu wata tsohuwa ta sauka daga kabu-kabu da rabin buhun albasa. Kowa a ƙungiya Gwaggon Kagara yake kiranta, ko da yake ba danginmu ba ce. Ita ce shugabar mata masu noman albasa a ƙauyensu, mace mai faɗa da tsare gida. Ta dire buhun a gaban Inna, ta zauna, ta ce, "Wagga albasa tashi ta. Ba don shi ba da na daɗe da barin gona." Ba ta ƙara komai ba sai addu'a.

Na ce bari in rubuta abin da na sani, domin aikin Kawu irin wanda ake mantawa ne da wuri. In ya yi kyau, ba wanda ke lura da shi.

Ƙungiyarmu ta manoman rani ce a Goronyo, masu shayar da gonakinsu da ruwan dam. Ruwa ba ya isar kowa lokaci guda, don haka akwai jadawali: sunan manomi, ƙauyensa, ranarsa da sa'arsa. Duk mako ana liƙa shi a bangon ofis da wajen da ake buɗe ruwa. Ƙa'idar guda ce kuma ba ta da sassauci. Wanda sunansa bai fito ba, ba a buɗe masa, wanda kuma bai zo a kan sa'arsa ba, ruwa ya wuce shi sai wani mako. Albasa sabuwar dashe kuwa ba ta jiran wani mako. Kawu ne ke fitar da wannan jadawali, ni kuma, da na gama karatun kwamfuta a Sakkwato na yi aure a Goronyo, aka ɗauke ni muka zauna teburi ɗaya da shi har shekara tara.

Asalinsa mai buga tafireta ne. Ya shekara talatin yana ƙwanƙwasa ta a wani ofis a Rabah, har yatsunsa biyu suka lanƙwashe. Da ya yi ritaya ƙungiya ta ɗauko shi, aka ba shi wata tsohuwar kwamfuta da 'yar manhaja da ba ta da hoto ko maɓallin latsawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni, ta zubo maka jadawali da fararen haruffa. An zaci zai gudu. Sai ya zama shi kaɗai ne ke son ta a duk ofishin, domin kowane harafi faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa, kamar a tafireta. Na sha ba shi shawarar mu koma irin na zamani mai launuka. Yakan ce, "Ɗiyata, ni ban iya magana da na'ura ta hanyar nuni ba. In hwaɗa mata, ta amsa min."

Yana da rular katako da ta fi ni shekaru. Da jadawali ya fito, sai ya kifa ta a kan gilashin allon daga sama zuwa ƙasa, ya runtse ido ɗaya. In gidajen sun miƙe sai ya ce "Madalla," ya ɗauki hoton allon a buga. In wani layi ya leƙo waje ko da harafi ɗaya ne, shayinsa ya huce ke nan.

Layukan kuwa suna karkacewa, kuma ga dalili. Shugabannin ƙauyuka ne ke turo sunaye ta waya, kowa da irin tasa. Wani daga tsohuwar waya mai maɓallai, wani an kwafo masa daga kwamfutar shagon buga takardu. A cikin sunayen sai a sami wasu haruffa da ido ba ya gani. Ba su da siffa, umarni ne kawai suke ba allo. Ni a makaranta na san su da lambobi. Kawu shi ya san su tun suna ƙarfe, domin duk daga na'urorin rubutu na da aka gado su. Ya raɗa musu suna baƙin da ba sa sallama, kuma kowanne da laƙabinsa. Akwai Mai Tsalle, wanda ke tunkuɗa rubutu gaba ya ɓata gidajen jadawali. Akwai Ci-baya, wanda ke komawa ya haɗiye harafin da ya gabace shi. Akwai Koma-gida, wanda ke mayar da rubutu farkon layi. Kawu yakan kwatanta shi da hannu, ya mari iska daga gefe kamar yana tura kan tafireta.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne Mai Ƙararrawa. Akwai lokacin da duk sanda aka fitar da jadawali, da an iso sunan wani manomi sai kwamfutar ta yi ƙara, ƙit. Kullum a kan sunansa, ba na wani ba. Shugaban ƙungiya, mutum mai yawan tsarguwa, ya kira Kawu gefe.

"Malam, wanga bawan Allah, ka san shi sosai? Mi ya sa na'ura ka kuka in ta ga sunanai?"

Kawu ya haɗe fuska ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma abin ya dame ni. Sai dai a yi sadaka."

"Sadakar mi?"

"Tsire. Na bakin tasha, mai ƙuli da yawa."

Sai da aka kawo tsiren, muka cinye, Kawu ya suɗe yatsu, sannan ya bayyana cewa harafi ne ɓoyayye da aka yi shi tun zamanin da don ya kaɗa ƙararrawa, ya maƙale a wutsiyar sunan mutumin. Shugaba ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa. A wajen makoki shi ne ya ba da labarin da bakinsa, yana dariya yana fyace hanci.

Amma akwai ranar da ba a yi dariya ba, a raninmu na farko tare. Shugaban Kagara ya turo sunaye, biyu daga ciki suka zo a manne, ba abin da ya raba su sai Koma-gida. Na farko na Gwaggo ne, na biyu na maƙwabcinta. Allon ya rubuta sunanta, ya ci karo da baƙon, ya koma farkon layi, ya rubuta na maƙwabcin a kan nata. Cikin ƙiftawar ido ta ɓace. Tana nan cikin kwamfuta, amma ba ta kan allo, kuma hoton allo muke liƙawa. Ranar Juma'a ce, an kusa kiran salla. Kawu ya ɗora rula, ya ga layin ya karkace, ya ce Mai Tsalle ne ya saba, ya ɗauki hoto ya tafi masallaci.

Gwaggo ta je bakin ruwa a ranar da ta saba. Mai buɗe ruwa ya duba takarda ya ce ba ta ciki. Ta yi magiya a gaban mutane, macen da ba ta saba roƙon kowa ba, ya ce shi takarda yake bi. Kafin labari ya iso mu, dashenta ya kwanta.

Ta shigo ofis ba sallama, ta watsa busassun ganyen albasa a kan teburinmu. "Wa ac cikinku ya kashe ni da raina?"

Na buɗe baki zan ce laifin waya ne, ko na shugaban ƙauye, ko na na'ura, kuma duk da gaskiyata. Kawu ya riga ni. Ya miƙe tsaye ya cire hula. "Ni na, Gwaggo. Na ga layin ya karkace, ban tsaya ba."

Yana da 'yar gonarsa a ƙungiyar, da iri da ya reno don kansa. Washegari ya tumɓuke shi duka, ya ɗaure a bayan babur, ya kai mata Kagara, ya kuma mayar mata da sa'ar ruwansa ta makon. A shekarar, Inna a kasuwa ta sayi albasar miya, kuma ba ta bar shi ya manta ba.

Daga nan ne muka yi faɗan da ya fi kowanne tsakanina da shi. Mun yarda dole a gyara manhajar kada wani baƙo ya sake juya allo. Ni na iya rubuta gyaran, shi ya san abin da yake so. Na ce abu mai sauƙi ne, kafin a nuna jadawali a share duk harafin da ba ya ganuwa, layuka su fito tas.

"In kin share shi," in ji Kawu, "sunan Gwaggo da na maƙwabcinta su zama mi?"

Ya amsa wa kansa.

"Su manne su zama mutum guda mai dogon suna. Ruwan mutum guda. Layi ya miƙe, rula ta yarda, Gwaggo ta sake mutuwa, mu kuwa muna nan muna shan shayi."

Na ce ai ba kullum hakan zai faru ba, kuma jadawali mai datti abin kunya ne ga ofis. Na ƙara da cewa ni aka koya wa abin nan a makaranta. Wannan kalmar ita ta ɓata komai. Ya tattara rularsa ya koma ƙarƙashin dalbejiyar waje, ya yi kwana biyu a can yake karɓar baƙi. Mahaifiyata ta kira ni a waya ta wanke ni tas. A rana ta uku na kai masa fura da nono, na durƙusa. Ya sha rabi kafin ya yi magana.

"Ba korar baƙo nika so ba, ɗiyata. So nike a kama hannunai, a tsai da shi tsakar gida, kowa ya ga huskatai. In mun gan shi, mun san wani abu ya hwaru ga sunan wani. Sai mu tambaya."

Haka muka yi. Duk baƙon da ya shigo, manhajar ba ta bin umarninsa, ba ta kuma share shi. Sai ta nuna shi da wata 'yar alama mai tsini a sama, kamar rufin bukka, da harafi ɗaya a gefenta mai faɗin ko wane ne. Koma-gida bukka ce da M, Mai Ƙararrawa bukka da G. Kawu ya nace a ƙirga faɗin alamar cikin faɗin suna, don gidajen jadawali su miƙe. Ya kuma hana a taɓa ainihin abin da aka turo. A allo kawai ake canza masa kama. Da bukka ta fito, sai ya ɗauki waya ya kira ƙauyen, in ba a samu ba ya hau babur. Sai ya tabbatar ba a binne kowa a ƙarƙashin wani ba, sannan ya goge ta da hannunsa. A shekarun da suka biyo, mun tono mutane da dama ta wannan hanya. Ban taɓa ce masa ya fi ni gaskiya ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, sai dai duk sanda bukka ta fito yakan yi tari sau biyu yana kallon rufi.

Bukka ɗaya ce bai taɓa gogewa ba. Da ya raba sunan Gwaggo da na maƙwabcinta, alamar ta rage a ƙarshen nata. Shi da kansa ya kai mata sabuwar takardar Kagara, ya dawo, ya bar ta a nan. Mako bayan mako, shekara bayan shekara, jadawali fes, sai wannan 'yar bukka da M a layin Gwaggo. Ta tsaya mini a rai kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Na ce masa, "Kawu, wagga ai an gama da ita tun tuni." Ya ce, "Bar ta." Na ce don mi? Ya ce, "Tana biyan hayar wurin." Na ɗauka hukunta kansa yake yi, ko kuma taurin kan tsufa ne, na ƙyale shi.

Bayan addu'ar bakwai na koma ofis. Kujerarsa na nan, kofinsa na nan, Inna ta ba ni rular. Na fitar da jadawalin farko ba tare da shi ba, ina kuka ina aiki. Na ce a raina bari in yi masa abin da zai yi alfahari da shi, takarda mai tsabta da ba a taɓa liƙa irinta ba. Na je layin Gwaggo na goge bukkar. Na ɗora rula, komai ya miƙe, na ce "Madalla" da muryarsa.

Ranar Laraba da hantsi ina zaune sai ga Gwaggo a bakin ƙofa. Wannan karon ta yi sallama, kuma muryarta ce ta tsorata ni, domin ba faɗa a cikinta. Laraba bayan azahar ce sa'ar ruwanta. Kamata ya yi tana gona tana gyara bakin fangali, ba a Goronyo ba.

"Ɗiyata, ko kwana arba'in ba a yi ba, har an hidda ni?"

Na ce wa ya fitar da ita? Na jawo takardar na ɗora yatsa a kan sunanta. Ga shi nan, Gwaggo, layi na sha huɗu. Ta kalli inda yatsana yake, ta daɗe tana kallo. Sannan ta waiwaya ta tabbatar ba kowa, ta tura ƙofa, ta zauna a kujerar Kawu.

"Ni ban iya bokon ga ba," ta ce a hankali. "Makarantar allo na yi, na sauke, amma wanga rubutu naku ban san kanai ba. Mata na can sun ɗauka na iya. Nikan tsaya gaban takarda in nemi bukkata, in ƙirga gidaje, in gane ranata da lambar sa'a. Ranar da kawunki ya kawo min takarda, ya ga ina riƙe da ita ƙasa bisa. Ya juya min ita kamar yana kakkaɓe ƙura, ya nuna min 'yar bukkar, yac ce, Gwaggo, ga gidanki, muddin ina nan ba mai rushe shi."

Ta ce da ta duba takardar makon nan ba ta ga bukka ba, ta rantse ba za ta sake zuwa bakin ruwa ta yi roƙo a gaban mutane ba. Gara albasar ta mutu.

Shekara tara ina zaune kusa da mutumin nan, ina yi masa gori a kan datti ɗaya, yana shanyewa da wasa, don kada ya tona asirin tsohuwa ko ga 'yar ƙanwarsa. Kunya ta kama ni, ƙaunarsa kuma ta cika mini ƙirji. Gwaggo ce ta daka mini tsawa. "Kuka za ki yi ko ruwa za mu kama? Rana na tahiya!"

Muka fito da gudu, gudun da tsohuwa da mai goyon ciki za su iya. Kabu-kabu biyu muka tara. Duk hanyar Kagara tana gaba tana yi wa mai mashin faɗa, wai tuƙinsa kamar na mai ɗauke da ƙwai. Mun isa mai buɗe ruwa na ɗora hannu a kan ƙarfen. Ya ganta ya ce, "Gwaggo, yau kin makara." Ta gyara mayafi ta ce, "Aikin ohis ya tsai da ni." Ruwa ya shiga fangalinta ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a kan kunyar fangali da takalmin ofis cike da laka.

Kafin in rubuta wannan na koma na nemi izininta, domin sirrinta ne. Ta ce, "Rubuta. Na tsuhwa, kunyar ta ƙare. A dai san halin mutumin."

Washegarin waccan Larabar na zauna gaban baƙin allo na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na je ƙarshen sunan Gwaggo, da hannuna na shigar da Koma-gida, baƙon da muka shekara tara muna farauta. Na ba da umarni, jadawali ya zubo, 'yar bukka ta fito a layi na sha huɗu. Na ɗora rular Kawu, layin ya miƙe.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya shayar da shi kamar yadda ya tsaya kowa ya sha. Ya ba Inna haƙuri, da mu duka.

Makon jiya sabon sakataren da aka kawo mana ya leƙo ta kafaɗata, ya nuna allon da biro. Ya ce, "Hajiya, ga wani datti nan, a goge shi." Na ji tari ya taso mini sau biyu. Na ce masa, "Bar ta. Da mai ita a ciki."